Tsofaffin Injinan Wanki Masu Ƙofa a Gaba: Wanne Ne Zai Daɗe a Gida?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato injinan wanki na hannu masu ƙofa a gaba da ake saukewa daga Turai, waɗanda a kasuwa ake ce wa 'yan Beljiyam ko da daga Jamus ko Ingila suka fito. Masu gyaran kayan lantarkin da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zauna a kansu, ga kuma abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne a gida, wanki ya fi ƙarfin hannuna. Na je wurin masu sayar da kayan Beljiyam a Sabon Gari, na tarar da Miele da Bosch da LG da Indesit. Miele ya fi su tsufa amma ya fi su tsada, Indesit kuma ya fi araha. Wanne zan ɗauka? (Wata uwargida daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo kan suna, bari ki san abin da ke raba tsohon injin da zai yi miki shekaru da wanda zai ƙare a hannun 'yan gwangwan.

A cikin kowane inji mai ƙofa a gaba ganguna biyu ne. Akwai ta ciki mai huje-huje wadda ake zuba wa kaya, akwai ta waje mai riƙe ruwa, wadda za mu riƙa kira tukunya. Sandar ƙarfen da ke juya ta cikin ta ratsa bayan tukunyar a kan boris guda biyu, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsu, sai wata robar sil da ke tare ruwa kada ya isa gare su. Komai ingancin kamfani, wata rana sil zai saki, ruwa ya shiga, boris ya fara kuka. In ranar ta zo, tukunyar tana buɗuwa? Wadda aka haɗa ɓarinta biyu da notuna ko maƙalai ana kwance ta a sa sabon boris, inji ya koma bakin aiki. Wadda aka narkar da robarta aka liƙe tun daga masana'anta ba a yi ta don a buɗe ba. Da wannan ma'aunin za ki auna huɗun nan.

Miele kamfanin Jamus ne, tun 1899 yake, kuma cewa yake yana gwada injinansa don su jure aikin shekara 20. Tsofaffinsa, irin su Novotronic na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, tukunyarsu ta ƙarfe marar tsatsa ce, boris yana zaune cikin ƙarfen zubi, nauyin da ke danne injin shi ma ƙarfen zubi ne, ba siminti ba kamar na sauran. Shi ya sa yake doshin kilo 100 alhali yawancin sauran tsakanin 60 da 75 suke, shi ya sa kuma ba ya rawa in yana matsa. A ƙarfi ba ya da na biyu cikin huɗun. Amma aibinsa biyu a gare ki. Ranar da fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ko robar ƙofarsa ta lalace, ba a kowane shago za a samu ba, sai an ciro daga wani mataccen Miele ko an yi oda daga waje. Na biyu, yawancin tsofaffin kilo 5 suke ɗauka, gidan mutum takwas kuwa wannan zubi biyu ko uku ke nan a rana, ga wutar da ba ta zama.

Bosch da Siemens gida ɗaya ne, tun 1967 suka haɗa sashen kayan gidansu, don haka Maxx da Classixx na Bosch da Siwamat na Siemens kayan cikinsu da yawa na shiga juna. Sun shigo ƙasar nan da yawa, abin da ke nufin famfo, bel, makullin ƙofa da moto duk ana samun na ciro. Na shekarun 2000 galibi tukunyarsu ta roba ce mai notuna. Motonsu mai kabon ne, wato 'yan sandunan gawayi biyu da ke kai wa moto wuta, kabon kuma yana cinyewa, sai dai gyara ne na awa guda. A lura, daga baya su ma sun fara fitar da masu liƙaƙƙiyar tukunya, don haka sunan kaɗai bai isa ba, sai an ɗaga murfin sama an duba.

LG mai rubutun Direct Drive a goshi tsarinsa dabam ne. Moton a jikin sandar ganga yake kai tsaye, ba bel, ba kabon, sautinsa kaɗan. Tukunyarsa tana buɗuwa, kuma da yake ana sayar da sababbin LG da Samsung a nan gida, kayan gyaransu sun fi sauƙin samu. Rauninsa fanel, domin moton ba ya juyawa sai da shi, kuma fanel ba ya son wuta mai hawa da sauka. Akwai kuma wata 'yar na'ura a jikin moton mai gaya wa fanel yadda ganga ke juyawa. In ta mutu inji kan rubuta LE ya tsaya, amma canjinta ba wuya.

Indesit, tare da Hotpoint da Ariston da suke gida ɗaya da shi, yana wanki da kyau, ba nauyi, ga araha. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama tukunyarsu a liƙe take. Wanda ya riga ya yi shekaru a wani gida a Ingila ya ci rabo mai yawa na rayuwar boris ɗinsa kafin ya iso gare ki. Arahar nan tana da dalili.

Shawararmu, ki ɗauki Bosch mai kilo 7 in tukunyarsa mai notuna ce, lambar da ke biye da sunan Maxx ita ce kilon. In kina da halin haɗawa da sitabilaiza mai kyau, LG mai kilo 7 ko 8 ma zai yi. Miele na ƙaramin gida ne da ke da mai gyaran da ya san shi. In kin ci karo da tsohon AEG Lavamat mai lafiya, kada ki raina shi. Duk da haka lafiyar wanda ke gabanki ta fi sunansa: Indesit mai boris shiru ya fi Miele mai kuka. Ki karanta amsar da ke biye kafin ki koma kasuwa.

Tambaya: Masu shago kan jona inji a wuta ya kawo haske, su ce ka gani lafiya lau. Me ya kamata mutum ya duba da kansa kafin ya biya? (Wani magidanci daga Kaduna)

Amsa: Malam, kawo haske ba gwaji ba ne. Ka tafi da tocila, kuma kada ka yi gaggawa.

Tun ba a jona ba, buɗe ƙofa ka juya ganga da hannu da ƙarfi ka saurara. Lafiyayya shuu take yi a hankali. In ka ji gurnani ko ƙarar kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Sannan ka kama leɓen gangar ta sama ka ɗaga ka sauke: ya kamata ita da tukunyar su motsa tare kamar abu ɗaya. In ganga tana ƙwas-ƙwas ita kaɗai, ko dai boris ya tafi, ko ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke riƙe ta ta baya ya tsage, wannan kuwa ya fi muni. Ka sake juya ta kana kallon tazarar da ke tsakaninta da robar ƙofa. In tazarar tana faɗi tana tsukewa, ƙafa ɗaya ta karye.

Ka danna gangar ƙasa da hannu biyu ka saki. In ta dawo ta tsaya cak, shokozoba na da rai. In ta yi ta lilo sau uku sau huɗu, sun mutu. Wannan ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne. Ka buɗe ninkin robar ƙofa ka duba tsaga, musamman ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya.

Yanzu ka sa a kwance murfin sama, notuna biyu ne ta baya a yawancinsu. Haska tocila a tsakiyar tukunya inda ɓari biyu suka haɗu: ka ga jerin notuna ko maƙalai, ko kuwa ɗinkin roba ne sumul? Ka duba simintin da ke danne ta ko ya tsage. In bayan yana buɗuwa, ka leƙa ƙarƙashin babban fulin da bel ke kai. Zanen tsatsa mai ruwan ƙasa da ya gangaro daga tsakiya shaida ce cewa ruwa ya riga ya ratsa sil, ko da kuka bai fara ba.

Sai gwajin ruwa. Ka dage a zuba masa ruwa, ya ja, ya juya dama da hagu, ya zubar, ya matsa har ƙarshen gudunsa babu kaya a ciki. A nan duk wani ɓoyayyen kuka ke fitowa. Ka sa shi a zafin digiri 60 na minti goma sha biyar ka dafa gilashin ƙofa ka ji ko ya ɗumama. Mai shagon da ya ƙi wannan gwajin, ka gode masa ka yi gaba.

In Bosch ne ko Siemens, kana iya sanin shekarunsa. A bakin ƙofa ta ciki akwai takarda mai FD da lambobi huɗu. Ka ƙara 20 a kan biyun farko, biyun ƙarshe kuma wata ne. FD 8503 na nufin 85 da 20, wato 105, a ɗora shi a kan 1900, watan Maris na 2005 ke nan. Wani abu kuma, ka duba takardar baya ka tabbata an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz. Wanda ya fito daga Amurka galibi 120V ne da 60Hz, ba na wutarmu ba ne.

Tambaya: Injina in ya zo matsa kaya kuka yake kamar jirgi zai tashi, yanzu har ɗigon tsatsa nake gani a fararen kaya. Wani mai gyara ya ce a canza boris, wani ya ce tukunyar ba ta buɗuwa, in jefar. Wa zan bi? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Malama, da farko ki daina amfani da shi daga yau. Duk wankin da kika ƙara, mataccen boris na cin sandar ganga, in ta cinye kuma gyaran ya ninka.

Mai yiwuwa dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Boris ne, ɗigon tsatsar kuwa giris ne da ruwan tsatsa ke dawowa ta sil ɗin da ya saki. In tukunyar mai notuna ce, aikin yini ɗaya ne. Za a cire bel da fuli da hita mai dafa ruwa da simintin, a sauke tukunya a raba ta biyu, a fitar da ganga ta hanyar bugun sandar da guntun katako, ba guduma kai tsaye ba, don kada kan zaren ya baje. Ki tsaya a nuna miki abu biyu kafin a sayo komai: zoben da sil ke gogawa a jikin sanda, ya zama sumul ba rami, da ƙarfe mai ƙafa uku, ya zama ba tsaga. Ƙarfen nan na alminiyam ne, ragowar omo da ke liƙe masa shekara da shekaru kan ci shi har ya zama kamar alli. In ya ruɓe, sabon boris asarar kuɗi ne sai an canza shi.

Boris biyun tare ake canza su, da sil, ko da ɗaya ne ya mutu. Lambarsu na rubuce a gefe, irin su 6205 da 6206, ko 6305 da 6306 a manya. A sayi na kirki irin SKF ko NSK, a kuma kula domin jabunsu sun cika kasuwa. A zoben waje ake buga sabon boris, ba a na ciki ba. A shafa wa leɓen sil giris marar narkewa a ruwa. Wanda ya sa shi a bushe, cikin 'yan watanni za a dawo gidan jiya.

In kuma liƙaƙƙiya ce, akwai masu gyara da ke yanka ta da zarto a kan ɗinkin, su huda ramuka a kewaye, su shafa silikon su ɗaure da notuna. Yana yi in hannun ya ƙware, amma in ya yi yoyo moton da ke ƙasa zai jiƙa. Ki yarda da shi ne kawai in mai gyaran zai cika tukunyar da ruwa ta kwana a gabanki kafin ya mayar, kuma kuɗin aikin bai kai rabin kuɗin wani injin ba.

Tambaya: Ruwanmu daga tankin sama yake zuwa. Inji sai ya yi ta ƙugi yana jan ruwa kaɗan-kaɗan, can ya tsaya ya rubuta wasu lambobi. An canza bawul bai daina ba. (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Malam, bawul ɗin farko ma da wuya in shi ne mai laifi. Injinan nan an yi su ne don ruwan famfon Turai mai ƙarfi. Bawul ɗinsu da ƙarfin ruwan yake buɗewa sosai, kuma yawancin kamfanoni suna neman aƙalla rabin bar zuwa bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne). Kowace mita ɗaya ta tsayin tanki kusan kashi ɗaya cikin goma na bar take bayarwa. Tankin da ke mita uku sama da inji ke nan bai kai ko rabin bar ba. Fanel yana da 'yan mintunan da yake jira, in ruwa bai kai ba ya yanke. Shi ne E17 ko F17 a Bosch, IE a LG, 4E a Samsung, E10 a AEG da Zanussi.

Cire tiyon daga bayan inji ka sa a bokiti mai lita 10 ka duba agogo. In ya wuce minti ɗaya da rabi bai cika ba, ruwan ya yi rauni. Kafin ka kashe kuɗi, ka leƙa bakin bawul inda tiyo ke shiga, akwai 'yar raga. Zaro ta da filaya a hankali ka wanke da tsohon buroshin haƙori, domin yashin rijiyar burtsatse yana toshe ta. Kada ka yar da ita don ruwa ya ƙara gudu, yashin zai shiga bawul ya hana shi rufewa, inji ya cika har ya yi ambaliya ko a kashe yake. In raga fes take, maganin ɗan ƙaramin famfon ƙara ƙarfi ne mai tashi da kansa, a sa shi a bututun da ke zuwa inji.

Tiyon Jamus mai ƙaton akwati a bakinsa, wanda ake rubuta wa AquaStop, akwai waya mai wuta a cikinsa. Kada a yanke shi da wuƙa.

A nan ne tsofaffi na can baya masu maɓallin murɗawa mai ƙas-ƙas suka yi wa na zamani zarra: ba su da agogon yanke ƙauna, suna jira har ruwa ya cika komai daɗewa.

Tambaya: Wane girman janareta ne zai ja injin wanki? Kuma me ya sa nawa yake ɗan jan mutum in an taɓa ƙofarsa da jiƙaƙƙen hannu? (Wani ɗan kasuwa daga Jos)

Amsa: Alhaji, ta biyun za mu fara amsawa domin maganar rai ce. Kada kowa ya sake taɓa shi yana jone, musamman yara da masu tsayawa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti.

Filogin Jamus mai ƙafa biyu zagayayyu wayar ƙasarsa a gefe take, wasu 'yan ƙarafa ne biyu. Da an cusa shi a adafta ko a soket ɗinmu mai ido uku, wayar ƙasa ta yanke. A cikin inji kuma akwai wata na'urar tace wuta da ke zubar da 'yar wuta kaɗan a jikin ƙarfe, wadda wayar ƙasa ya kamata ta kwashe. In babu ita, jikin mutum ne hanya. A yanke filogin a sa mai ƙafa uku na amfiya 13: waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa. Mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin kansa yana da wayar ƙasa da ta kai ga ƙarfen da aka binne, domin gidaje da yawa ido na ukun ado ne kawai. A ƙara da makatsar nan ta kariya mai 30mA, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zuba a inda bai kamata ba. A kuma auna hita da mita: tsakanin ƙafafunta biyu a samu om 25 zuwa 30, tsakaninta da jikin ƙarfe kuwa kada mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, hita ta fashe, kuma wannan jan ba ɗan kaɗan zai tsaya ba.

Maganar janareta, hita ce mai cin wuta, kusan wat 2000 ita kaɗai. Moto 'yan ɗaruruwa yake ci, ya ɗan haura lokacin matsa. In za ka dafa ruwa, kada janareta ya gaza kVA 3, kuma a kashe firji da dutsen guga. In da ruwan sanyi ne, kVA 1.5 zuwa 2 mai daidaitacciyar wuta zai yi. Ƙaramin nan mai haɗin mai da baƙin mai kada a gwada, wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, fanel take ƙonawa. Mai sola ya tabbatar inbatarsa mai tsabtatacciyar wuta ce, ya yi wankin da rana tsaka. A wutar gari kuwa a sa sitabilaiza mai 5000VA, domin in wuta ta yi ƙasa sosai ba ta iya ba da abin da aka rubuta a jikinta.

Kada a cire wayar hita don tsimi. Wasu injinan za su tsaya suna jiran zafin da ba zai zo ba. A zaɓi sanyi a maɓalli, ai ruwan tanki da bazara da ɗuminsa yake saukowa. Amma sau ɗaya a wata a yi wanki ɗaya a 60, da tawul ko zannuwan gado, don ya narkar da ragowar omo da ke cin ƙarfe mai ƙafa uku, ya kuma kore wari.

Tambaya: Sana'ata wanki da guga. Na samu inji biyu, ɗaya tsoho sosai ɗaya sabo-sabo, rubutun jikinsu duk Jamusanci. Wanne ya fi fitar da datti? Kuma zan iya sa shaddar mutane? (Wani mai wanki daga Maraɗi)

Amsa: Malam, sannu da aiki. Ga rubutun tukuna. Koch/Bunt na kayan auduga ne, Pflegeleicht na yadin roba-roba, Fein na kaya masu laushi, Wolle na ulu. Spülen ɗauraya, Schleudern matsa, Abpumpen zubar da ruwa, Vorwäsche wankin farko, Kalt sanyi. In na Faransa ya faɗo hannunka, Rinçage ɗauraya, Essorage matsa, Vidange zubarwa.

A fitar da datti ba su da nisa da juna, hanyarsu ce ta bambanta. Na farkon shekarun 1990 kan sha lita 60 zuwa 80 a zubi ɗaya, ya gama da wuri, ɗaurayarsa kuma ta fi fita. Na shekarun 2000 galibi lita 45 zuwa 55 ne, sai ya rama da tsawon lokaci, na baya-bayan nan ma wani shirin nasu kan haura awa uku. In kana sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, bambancin ya kai jarka guda a kowane zubi. In kuma wuta ce ke maka wuya, tsohon ya fi maka. Kayanmu ƙura da gumi ne suka fi damunsu, su kuwa ruwa suke so, don haka a sabon ka riƙa danna maɓallin ƙarin ruwa, Wasser plus, in yana da shi.

Gudun matsa kuma kada ya ruɗe ka. Mai juyi 1000 a minti kan bar danshin da ya kai kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin kaya, mai 1400 kusan kashi 50. Wannan babban abu ne ga Bature mai shanya a ɗaki da sanyi. Kai da ranar Maraɗi ke busar maka da kaya kafin azahar, 800 ya ishe ka, boris ya huta, guga kuma ta yi sauƙi.

Shadda mai tsada irin Getzner, mu dai ba mu ba da shawarar sa ta ba. Ƙyallinta a fuskar yadin yake, gogayya da ganga na dusashe shi, matsa mai ƙarfi kuma na barin fararen layuka a kan ninki waɗanda ko bugu ba ya ɓatar da su duka. Wadda ta riga ta sha wanki za ka iya juya ta bai-bai, ka sa a Fein da ruwan sanyi, matsa kada ya wuce 600. Leshi mai duwatsu a saka shi cikin rigar filo a ɗaure baki. Hula da hannu. Babbar riga kada ta shiga ita kaɗai, in ta jiƙe takan dunƙule gefe guda inji ya ƙi matsa. Haɗa ta da wasu kaya. Manyan barguna da darduma ba na inji mai kilo 5 ko 6 ba ne. Ma'aunin lodi kuwa, in ka zuba kaya tafin hannunka ya iya tsayawa a tsaye tsakaninsu da saman ganga.

Tambaya: Nawa yana wanki, amma in ya zo ƙarshe sai ya tsaya da ruwa a ciki, ƙofa ta ƙi buɗuwa. (Wata amarya daga Katsina)

Amsa: Amarya, abu uku za ki bi a jere, na farko ma ba ya buƙatar mai gyara.

Kumfa. Omon wankin hannu an yi shi ne ya yi kumfa, inji mai ƙofa a gaba kuwa kumfa na ruɗa shi, ya ɗauka har yanzu akwai ruwa, famfo kuma ya kasa jan ta. Ki nemi wanda aka rubuta na inji ne. In babu, cokalin cin abinci biyu zuwa uku ya isa zubi guda, a ramin aljihun zuba omo mai alamar II. Kada ki zuba sitati mai kauri a ramin mai hoton fure, toshewa yake.

Na biyu matata. A ƙasa ta gaba akwai 'yar ƙofa. Cire wuta, shimfiɗa tsumma, sa faranti mai faɗi, ki zare ɗan tiyon da ke wurin ki tsiyaye ruwan, sannan ki murɗo murfin hagu a hankali. Abin da ake tararwa a gidajenmu fil ɗin hijabi ne, tsinken sakace, maɓallai, duwatsun leshi da ledar alewa daga aljihun yara. Sa yatsa ki juya farfelar da ke ciki ki ji ba abin da ya riƙe ta. Ki duba tiyon fitar ruwa bai lanƙwashe ba, bakinsa kuma tsakanin santimita 60 da 100 daga ƙasa. Lambobin wannan matsala su ne E18 ko F18 a Bosch, OE a LG, 5E a Samsung, E20 a AEG da Zanussi, F05 a Indesit. In ruwa ya fita, ki ba ƙofa minti biyu zuwa uku, makullinta sai ya huce yake saki. Fizgar ta karya hannun take yi.

In ruwa yana fita sarai amma ganga ta ƙi gudu, ko tana fizga tana tartsatsi ta ƙasa, a inji mai kabon, kabon moto ne ya cinye. Guda biyu ne a gefen moto, kowanne da sukuru biyu ko maƙali. In abin da ya rage bai fi santimita ɗaya ba a canza duka biyun, a sa sabon da gangaren bakinsa yadda tsohon yake, a hure baƙar ƙurar da ta taru. Mai gyara ya leƙa wayoyin ƙasa tun da ya buɗe, domin yawancin injinan nan gindinsu a buɗe yake, ɓeraye kuma na son kwana a wurin.

Tambaya: Zan kai wa mahaifiyata inji daga Kano zuwa Haɗeja a bayan a-kori-kura. A kwantar da shi ko a tsaye? (Wani ɗalibi)

Amsa: Allah ya yi albarka. A tsaye, a ɗaure shi da igiya a jikin mota. Tukunyar a rataye take a kan sifirin, in mota ta faɗa rami takan daki fanel ko ta tsinke shokozoba. Sababbi suna zuwa da dogayen notuna uku ko huɗu a baya masu riƙe ta, ka tambayi mai shago ko yana da su. In babu, a ɗaga murfin sama a cusa tsohon bargo ko soso tsakanin tukunya da bango ta kowane gefe. Ka tsiyaye ruwan matata kafin a ɗora. In kun isa, a cire notunan ko bargon kafin a jona, a ajiye shi a kan siminti mai lebur, a murɗa ƙafafunsa huɗu har ka danna kowace kusurwa ka ji ba ya motsi, sannan a ɗaure notin kowace ƙafa.